Kafar da ta fi ta allura ƙanƙanta: Yadda ake karanta DNA a inda cuta ta ɓulla

A watannin farko na shekarar 2018, zazzaɓin Lassa ya yi wa Najeriya dirar da ba a taɓa ganin irinta ba tun da aka fara ƙidayar masu kamuwa da shi. Jihohin Edo da Ondo da Ebonyi ne suka fi jin jiki, har ma'aikatan lafiya suka shiga cikin waɗanda suka rasu. Kafin shekarar ta ƙare, Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta tabbatar da mutum 633 da suka kamu, 171 daga cikinsu kuma suka riga mu gidan gaskiya.

Tambayar da ta hana jami'an Abuja barci a lokacin guda ɗaya ce: shin ƙwayar cutar ce ta sauya hali har ta fara yaɗuwa cikin sauƙi daga mutum zuwa mutum? Bayan abin da Ebola ta yi a Afirka ta Yamma, inda ta kashe mutum fiye da 11,000, babu mai ɗaukar wannan tambaya da wasa. Idan sabon nau'i ne, to dole a karkata kuɗi da ma'aikata ga killace marasa lafiya da bin sawun duk wanda ya yi hulɗa da su, a kuma shirya wa matakan da maƙwabta za su ɗauka a kan iyakoki. Idan kuwa tsohuwar hanya ce, wato daga ɓera zuwa mutum ta abinci da muhalli, to aikin yana ga tsafta da adana hatsi da kai marar lafiya asibiti da wuri. Kuskure a kowane ɓangare yana nufin asarar rayuka da ta dukiyar gwamnati.

Wani ɓangare na amsar ya fito ne daga Asibitin Koyarwa na Ƙwararru da ke Irrua a Jihar Edo, inda masanan Najeriya da abokan aikinsu daga Jamus da Ingila suka kafa wata na'ura mai suna MinION, wadda ba ta kai nauyin giram 100 ba, ana kuma jona ta da kwamfutar cinya. Da ita suka karanta kundin halittar ƙwayar cutar kai tsaye daga jinin marasa lafiya. Sun tantance kundi 36 yayin da annobar ke ci, suna miƙa sakamakon ga hukumomin Najeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya nan take, daga baya suka tabbatar da shi da samfura 120. Ƙwayoyin da suka gani iri-iri ne, sun kuma cuɗanya da na shekarun baya. Da a ce mutum ɗaya ne ke shafa wa na gaba, da ƙwayoyin sun fito kusan iri ɗaya kamar 'ya'yan ɗaki guda. Bambancinsu ya nuna cewa akasarin mutanen daban-daban suka ɗauko cutar daga ɓeraye. Cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta kai ga irin wannan matsaya da wata na'ura ta daban.

Yadda kafar ke karatu

DNA dogon zare ne da aka jera wa sinadarai iri huɗu, waɗanda masana ke yi wa laƙabi da haruffan A da C da G da T. Jerin waɗannan haruffa shi ne umarnin da ke gina kowace halitta, daga ƙwayar cuta har zuwa ɗan Adam, wanda kundinsa ya ƙunshi haruffa kimanin biliyan uku. Wasu ƙwayoyin cuta, ciki har da ta Lassa da ta Ebola, suna ajiye nasu umarnin ne a kan RNA, ɗan'uwan DNA, kuma akan kwafe shi zuwa DNA kafin a karanta.

Dabarar MinION ba ta buƙatar madubin hangen ƙananan abubuwa ko kyamara. A cikin na'urar akwai wani siririn tantani da ya raba ruwan gishiri gida biyu, kuma wutar lantarki ba ta iya ratsa shi. A jikin tantanin an dasa wata 'yar kafa da aka yi da furotin, wadda faɗinta a wurin da ya fi matsewa bai kai nanomita biyu ba. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubbai goma-goma. Idan aka saki wuta, ƙwayoyin gishirin da ke cikin ruwan sukan yi ta kwarara ta wannan kafa tilo, a riƙa auna ƙarfin kwararar. Da zarar zaren DNA ya shiga, sai ya tare wani ɓangare na hanyar, kwararar ta ragu. Tunda haruffan huɗu ba girmansu da siffarsu ɗaya ba, kowanne da irin raguwar da yake haddasawa.

Wanda ya taɓa jan carbi cikin duhu ya san abin da ake nufi. Bai ga ƙwayoyin ba, amma yatsunsa na gaya masa lokacin da ya iso ga shaida, domin ta fi sauran girma. Sai dai a nan akwai wahala guda: kafar ba ta jin harafi ɗaya shi kaɗai, tana jin haruffa kamar biyar ne a lokaci guda, tamkar yatsu masu kauri da ke riƙe ƙwayoyi da dama. Saboda haka abin da ke fita daga na'urar zane ne mai hawa da sauka, kuma sai manhajar kwamfuta da aka horar da miliyoyin misalai ta fassara shi zuwa haruffa.

Tushen dabarar ya girmi yawancin masu amfani da ita. A 1953 wani injiniya ɗan Amurka, Wallace Coulter, ya samu lasisin mallakar wata hanya ta ƙidayar ƙwayoyin jini ta hanyar tura su cikin ƙaramar huda ana auna canjin wutar lantarki. Na'urorin da ke ƙirga ƙwayoyin jini a asibitocinmu har gobe da wannan hikima suke aiki. Abin da aka yi daga baya shi ne ƙanƙanta hudar har ta dace da zare ɗaya na DNA.

A watan Yunin 1989 ne David Deamer, masani a Jami'ar Kalifoniya, ya zana wannan tunani a littafin rubutunsa. Sai a 1996 shi da Daniel Branton na Jami'ar Harvard da John Kasianowicz da Eric Brandin suka nuna a aikace cewa zaren DNA na iya ratsa kafar wani furotin da ake kira alfa-himolisin. Abin mamaki, wannan furotin dafi ne, wanda wata bakteriya mai haddasa maruru ke amfani da shi wajen huda ƙwayoyin jinin mutum. Makamin cuta ne aka mayar kayan aiki.

Daga nan aka shiga shekaru fiye da goma na cije haƙori. Zaren yana wucewa da gudun da ya fi ƙarfin kowane ma'auni, kowane harafi cikin 'yan kasonni na miliyan na daƙiƙa, kamar a ce mutum ya karanta lambar motar da ta wuce kamar walƙiya. Mafita ta zo ne da aka ɗora wani enzayim a bakin kafar, ya riƙe zaren yana sakin sa sannu-sannu, aka kuma samo furotin masu gajeren wuya daga wasu bakteriya, waɗanda ke rarrabe haruffa da kyau. Na'urorin yau suna karanta haruffa kimanin 400 a daƙiƙa a kowace kafa, kuma MinION na iya sauraron kafofi 512 a lokaci guda. Kamfanin Oxford Nanopore, wanda aka kafa a 2005 bisa binciken Farfesa Hagan Bayley na Jami'ar Oxford, ya sanar da na'urar a 2012, ya kuma fara raba ta ga masu gwaji a 2014.

Masana da yawa sun yi mata dariya a farko, kuma suna da hujja. Na'urorin farko na kuskuren harafi ɗaya cikin kowane uku ko huɗu, alhali manyan injinan kamfanin Illumina, waɗanda suka mamaye kasuwa, da wuya su yi kuskure ɗaya cikin ɗari. An rage wannan giɓi ƙwarai da sababbin kafofi da ingantattun manhajoji, har daidaiton karatun ya haura kashi 99 cikin ɗari. Duk da haka tana da raunin da aka san ta da shi: idan harafi ɗaya ya maimaitu sau da yawa a jere, takan rikice wajen ƙirga adadinsa.

Daga Gini zuwa sararin samaniya

Abin da ya fito da darajarta shi ne Ebola. A watan Afrilun 2015, Josh Quick, ɗalibi a ɗakin binciken Nick Loman a Jami'ar Birmingham, ya sauka Gini da ɗakin gwaji sukutum a cikin jakunkunan tafiya na jirgin sama. Tawagar ta karanta samfura 142 a wannan shekara, kuma sau da yawa sakamako na fitowa cikin ƙasa da awa 24 bayan isowar samfurin. Kafin haka, akan yi makonni ana jiran izinin fitar da jini mai haɗari zuwa Turai ko Amurka, kafin amsa ta dawo mai cutar ya warke ko ya rasu, waɗanda ya shafa wa kuma sun bazu. Da sakamakon gaggawa, masu bin sawu suka iya gane ko sabon marar lafiya na cikin jerin da aka sani ne, ko kuwa akwai wata hanya a ɓoye. Abin lura ga duk mai tsara aiki a wannan yanki shi ne, manyan matsalolin da tawagar ta yi fama da su sun haɗa da yankewar wuta da raunin intanet wajen aika bayanai.

A watan Agustan 2016, 'yar sama jannatin Amurka Kate Rubins ta yi amfani da na'urar a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, karo na farko da aka karanta DNA a wajen duniya. Wasu masana kuma sun kai ta gonakin rogo a Tanzaniya da Uganda da Kenya, suka gano ƙwayar cutar da ke lalata amfanin gonar a rana guda, manomi na tsaye. Wannan labari ya shafi Najeriya kai tsaye, kasancewarta ƙasar da ta fi kowa noman rogo a duniya.

Akwai wata fa'ida da ba ta da alaƙa da ƙanƙantar na'urar. Tsofaffin injina suna daddatsa DNA gunduwa-gunduwa, haruffa 'yan ɗaruruwa a kowane yanki, sannan kwamfuta ta sake haɗa su. Inda kundin ke maimaita kansa, haɗawar kan gagara, kamar yadda zai yi wuya a mayar da yagaggen littafi idan shafuka da dama sun yi kama da juna. Kafar nano kuwa tana karanta zaren iya tsawonsa, har an taɓa samun karatu guda da ya haura haruffa miliyan biyu. Wannan ya taimaka wajen cike kashi 8 cikin ɗari na kundin ɗan Adam da ya rage a buɗe tun bayan babban aikin da aka ce an kammala a 2003. Sai a 2022 aka wallafa cikakkensa. A wannan shekarar ce kuma likitoci a Jami'ar Stanford suka wallafa cewa sun karanta kundin wani marar lafiya cikin awa biyar da minti biyu da babbar yayar MinION.

Abin da ke jiran sa hannu a ofis

Ga mai riƙe da fayil a ma'aikata, wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne nan. An yi shekaru ana sayar da MinION da kayan farawa a kan kusan dala dubu ɗaya, kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da manyan injinan da ke cin dubban ɗaruruwan daloli. Amma na'urar kanta kwanso ce kawai. Kafofin suna cikin wani ɗan faifai da ake cusa mata, kuma faifan yana ƙarewa: kafofin furotin suna mutuwa da aiki, ba ya wuce kwana uku yana karatu, farashinsa ɗaruruwan daloli ne, yana son ajiya mai sanyi, kuma 'yan watanni kaɗan yake yi kafin ya fara lalacewa ko da ba a taɓa shi ba. Haka ma sinadaran shirya samfurin, wasunsu sai a cikin firiza. Dukkansu daga waje ake shigo da su, da kuɗin waje.

Ma'anar wannan ita ce, faifan da ya yi makonni a tashar jirgi yana jiran takardun kwastam zai iya isa ɗakin gwaji rabin kafofinsa sun mutu. Tsarin kasafin kuɗinmu kuwa ya fi son abin da za a yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. Sayen na'ura yana shiga babin manyan ayyuka cikin sauƙi, amma faifai da sinadari da man janareto da albashin mai fassara bayanai suna faɗawa babin ayyukan yau da kullum, wanda shi ake fara matsewa idan kuɗi suka yi ƙaranci. Na'urar da ba ta da faifai ba ta da maraba da akwatin ashana. Hukumar da ta sayi goma ta raba wa jihohi ba tare da yarjejeniyar kawo kayan aiki a kai a kai ba, ta sayi kayan ado ne.

Sannan akwai batun mutane. Cire DNA daga jini ko majina ba tare da gurɓata shi ba sana'a ce, fassara abin da ya fito kuma wata sana'ar ce daban, kuma masu ita na cikin waɗanda ƙasashen waje ke zawarci. Najeriya ba daga sifili za ta fara ba. Babban ɗakin gwajin NCDC da ke Gaduwa a Abuja da cibiyar Ede da Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Yaba a Legas duk sun yi aikin karanta ƙwayoyin cuta lokacin korona, kuma daga Najeriya aka fitar da kundin farko na ƙwayar korona a nahiyar Afirka a watan Maris na 2020. Abin da za a yi ta fama da shi shi ne riƙe waɗanda aka horar, da ci gaba da aikin bayan kuɗin masu ba da tallafi sun janye.

Cututtukan da za su ci moriyar wannan fasaha a gida sanannu ne. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu, kuma gano ko ƙwayar ta bijire wa magani ta hanyar rainonta a ɗakin gwaji na ɗaukar makonni, marar lafiya na shan maganin da watakila ba ya yi masa aiki, yana kuma tari a cikin iyalinsa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da karanta zaɓaɓɓun sassan kundin ƙwayar domin gano bijirewar, kuma gwajin da ke amfani da kafar nano na cikin waɗanda ta ambata. Shan inna ma haka: an ayyana Afirka ta rabu da nau'in daji a watan Agustan 2020, amma wani nau'in da ya rikiɗe yana ci gaba da ɓulla, musamman a arewa. A wani gwaji da aka yi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, karanta ƙwayar kai tsaye daga bayan gidan yara ya rage jiran sakamako da kusan makonni uku. A yaƙi da cutar da ke bin yara gida-gida, makonni uku ba ƙaramin lokaci ba ne.

Bayanan kansu ma suna da siyasa. A watan Nuwamban 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka sanar da duniya nau'in korona na Omicron, sakayyar da suka samu ita ce rufe musu ƙofofin tafiya, kuma a watan Disamba Birtaniya ta saka Najeriya ma cikin jerin ƙasashen da ta hana shiga na 'yan kwanaki. Ƙasar da ke iya karanta ƙwayoyin cutarta tana buƙatar ƙa'ida a rubuce kan wanda ke da ikon fitar da sakamako, da lokacin fitarwa, da abin da za ta nema a madadinsa. Haka kuma, idan aka karanta jinin marar lafiya gaba ɗaya kamar yadda aka yi a Irrua, DNA ɗin mutumin ma na iya shiga cikin abin da aka karanta. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan halitta cikin masu buƙatar kariya ta musamman, don haka duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu da abokan hulɗa na waje ya kamata ta fayyace inda za a ajiye su da wanda zai gan su.

Bayan DNA

Kafar ba ta san DNA take karantawa ba. Duk abin da ya tare mata hanya za ta ji shi. Tun a shekarun 1990 Bayley da abokansa suka nuna cewa za a iya gyara bakin kafar ta riƙa cafke ƙwayar sinadari ɗaya tak, ta ƙarfe ko ta magani, a gane ta daga zurfin raguwar wutar da tsawon lokacin da ta yi a ciki, a kuma san yawanta daga yadda take yawan dawowa. Wasu masana, tun daga aikin Jene Golovchenko a Harvard a 2001, suna huda kafofin ne a jikin siraran sinadarai masu tauri maimakon furotin, da fatan samun abin da zai jure zafi da daɗewa, ko da yake har yanzu na furotin ne ke kan gaba wajen karatu.

Wannan hali ne ya ba na'urar damar karanta RNA kai tsaye, da kuma jin wasu ƙananan alamomin sinadari da jiki ke liƙa wa DNA domin kunna ko kashe wani umarni. Alamomin sun bambanta daga wani nau'in ƙari zuwa wani. A birnin Utrecht na ƙasar Holan, likitoci sun nuna a 2023 cewa za a iya gane nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa cikin kimanin minti 90, marar lafiya na kan teburin tiyata, domin likita ya san iya abin da zai yanke.

Babban abin da ake fafutuka a kai yanzu shi ne furotin. Haruffansa ashirin ne maimakon huɗu, a naɗe yake kamar ƙullin zare, kuma ba ya bin jan wutar lantarki salin-alin yadda DNA ke yi. A 2021 tawagar Cees Dekker a Jami'ar Delft ta ɗaura guntun furotin a jikin zaren DNA, ta ja shi ta cikin kafa, ta sake ja sau da dama, har ta iya bambance guntaye biyu da suka saɓa da harafi ɗaya kacal.